Yadda ma'aikacin fasahar zamani zai auna aiki da ma'aunan ɗa'a kafin ya sa hannu

Wata safiya saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba, ɗauke da sunan wani maƙwabcinmu tela da hotonsa, ana shaida mini cewa ya ci bashi ya gudu, kuma wai ni ne na tsaya masa. Ban taɓa tsaya masa ba, ban ma san ya karɓi rance ba. Kafin azahar na gane cewa saƙon ya je wa surukinsa, ya je wa limamin masallacinmu, ya je wa matan da yake yi wa ɗinkin biki, wato duk wanda lambarsa take cikin wayarsa. Kwana uku shagonsa yana rufe saboda kunyar haɗa ido da jama'a, alhali kuɗin da ake magana a kansu ba su kai ladan ɗinkin kaya kala biyu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa wani mutum mai ilimi ne ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta wa manhajar kamfanin bada rance umarnin da ya kwashe waɗannan lambobi daga wayar telan, ya gwada ya ga yana aiki, sannan ya tashi ya tafi gida wurin iyalinsa. Domin irin wannan mutumin nake wannan rubutu, da duk wanda aikinsa ya ɗora shi a kan bayanan jama'a: mai rubuta manhaja, mai kula da rumbun bayanai na asibiti ko makaranta, mai gyaran waya, da ɗalibin da zai shiga wannan fage gobe. Masana falsafa sun bar mana ma'aunai na gane daidai da kuskure, kuma ana iya aiki da su a ofis kamar yadda ake aiki da awo a kasuwa, muddin an san wanda za a fara ɗauka da kuma inda kowanne yake ha'inci.

Kafin komai, ka tantance ko abin da ke gabanka tsaka mai wuya ce ta gaske ko kuwa jarabawa ce kawai. Tsaka mai wuya ita ce inda haƙƙoƙi biyu suka yi karo, duk wanda ka kiyaye sai ɗayan ya taɓu, gaba kura baya sayaki. Jarabawa kuwa ita ce inda ka san daidai sarai amma yin sa zai ja maka fushin shugaba ko asarar kwangila. Mutane da yawa suna kiran na biyun da sunan na farko domin su sami sararin yin dogon nazarin da zai kai su inda son ransu yake tun farko. Wanda ya yi wa kansa gaskiya a wannan gaɓa ya rage rabin aiki.

Daga nan sai ka rubuta hujjojin lamarin a takarda, da kalmomin da mahaifiyarka za ta gane. Wannan mataki ne da ake rainawa, amma a nan ake yawan faɗuwa, domin harshen ofis yana lulluɓe abu har ya daina kama da kansa. A kamfanin bada rance ba wanda zai ce maka a tozarta mai bashi. Za a ce a ƙarfafa hanyar karɓo kuɗi. Kai kuma sai ka rubuta: manhajar za ta kwafi lambobin da ke wayar mai karɓar rance, ta tura su rumbunmu, idan ya wuce wa'adi a aika wa masu lambobin saƙon da zai kunyata shi. Ka tambayi wane bayani ake ɗauka, na wane ne, ina za a ajiye shi, wa zai iya buɗe shi, har zuwa yaushe, kuma me zai faru ranar da ya faɗa hannun wanda ba a nufa ba. Sannan ka jero duk waɗanda abin zai shafa, musamman waɗanda ba sa cikin ɗakin da ake yanke shawara. A misalinmu akwai kamfani da masu hannun jari, akwai mai bashi, akwai sauran masu karɓar rance da ke biya a kan lokaci, akwai kuma ɗaruruwan mutanen da ke cikin wayar, waɗanda ba su ci nanin ba amma nanin za ta ci su. Kada ka yarda a tsare ka tsakanin zaɓi biyu kawai, a yi ko a bari. Ana iya neman mai tsayawa guda ɗaya da zai amince da bakinsa, ana iya kai sunan wanda ya ƙi biya ga hukumomin tattara tarihin bashi masu lasisi, ana iya rage adadin rancen farko. Sau da yawa mafita tana cikin zaɓi na uku da ba wanda ya ambata.

Ma'aunin da nake ba da shawarar a fara ɗauka shi ne na wajibi da haƙƙi, wanda aka fi dangantawa da Immanuel Kant, masanin falsafar Jamus da ya rayu daga 1724 zuwa 1804. Yana da gwaji biyu masu sauƙin riƙewa. Na farko: ka mayar da abin da za ka yi ya zama ƙa'ida, sannan ka duba ko za ka yarda kowa a duniya ya bi ta. Ƙa'idar a nan ita ce, duk wanda yake bin wani bashi yana da damar kwashe lambobin wayarsa ya kai ƙararsa ga kowa. Shugaban kamfanin shi ma yana da bashin banki a kansa, kuma ba zai taɓa yarda bankin ya aika wa surukansa irin wannan saƙo ba. Wanzami ba ya son jarfa. Gwaji na biyu: kada ka mayar da ɗan'adam makami kawai na cim ma burinka, domin shi kansa yana da daraja da ikon zaɓi. Limamin da aka aika wa saƙon ba a neme shi don yana da abin cewa ba, an yi amfani da girman da tela yake ba shi ne a matsayin bulala.

A nan ne za a kawo maka hujjar da ta fi kowace yawo a ofisoshin fasaha, cewa ai mai wayar ya amince, shi ya danna da hannunsa. Wannan hujja tana buƙatar a tsaya a kanta sosai. Amincewa tana da sharuɗɗa: mutum ya fahimci abin da ya yarda da shi, ya kasance yana da ikon ƙi, kuma abin da ya bayar ya zama nasa ne. Mutumin da ɗansa ke kwance a asibiti, yana neman kuɗin magani da tsakar dare, aka nuna masa dogon rubutu da Turancin lauyoyi a fuskar ƙaramar waya, da wuya a ce sharaɗi na farko da na biyu sun cika. Sharaɗi na uku kuwa bai cika ba ko kaɗan, domin lambar limami ta limami ce, ajiya ce a hannun tela, kuma ba a yin kyauta da kayan amana. Ga wanda ya tashi a cikin karatun addini, wannan ba baƙon zance ba ne: aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane da cin namansu, kuma malaman fiƙihu sun daɗe suna lissafa mutunci cikin abubuwan da aka wajabta karewa. Dalilin da ya sa nake sa wannan ma'auni a gaba shi ne yana aiki kamar shinge. Abin da ya faɗa wajen shingen, kamar yaudara, satar bayani da tozarta marar laifi, an gama da shi, ba a kawo shi teburin lissafin riba da asara.

Abin da ya rage a cikin shingen shi ake ɗorawa a ma'auni na biyu, na sakamako, wanda Jeremy Bentham da John Stuart Mill na Ingila suka shahara da shi a ƙarni na 18 da na 19. Tambayarsa ita ce wane zaɓi ne zai fi kawo alheri ya rage cuta idan an haɗa kowa da kowa, kuma a ƙirga kowane mutum a matsayin ɗaya, ba tare da an fifita mai kuɗi a kan talaka ba. Ma'auni ne mai amfani ƙwarai, domin yana tilasta maka ka dubi abin da zai faru a zahiri, amma shi ne ya fi sauƙin murɗewa, saboda yawanci wanda zai ci riba shi ne yake riƙe da alƙalamin lissafi. Ribar kamfani tana zuwa da alƙaluma a rahoton ƙarshen wata, ita kuwa kunyar tela ba ta da gurbi a jadawali, don haka sai a ɗauke ta kamar babu ita. Idan za ka yi wannan lissafi da gaskiya, ka sa abubuwa uku a kowane sakamako: girmansa, yiwuwar aukuwarsa, da ko ana iya gyara shi bayan ya faru. Na ukun ya fi muhimmanci a harkar bayanai, domin bayani zarar bunu ne, wanda ya fita ba ya komawa. Kuɗin da aka yi asara ana iya mayar da su, amma hoton da ya shiga wayoyi 300 ya shiga ke nan.

Akwai kuma wani abu da ya bambanta aikin kwamfuta da sauran sana'o'i, wato yawa. Kuskuren kafinta yana tsayawa a kan kujera ɗaya, kuskuren mai manhaja yana maimaita kansa a kan duk na'urar da aka sa ta. Hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, NSA, ta gano wata kafa a manhajar Windows, ta riƙe ta a asirce tana amfani da ita, bisa lissafin cewa amfanin leƙen abokan gaba ya fi haɗarin. A watan Afrilun 2017 wasu masu kutse suka saki makamin da hukumar ta ƙera domin bi ta kafar a intanet, a watan Mayu kuma ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wannan kafa ta kulle na'urori a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya kusan 19,000. Microsoft, kamfanin da ya ƙera Windows, ya riga ya fitar da gyara tun watan Maris, amma na'urori da dama ba a sabunta su ba. Lissafin farko ya ƙirga amfanin makamin yana hannun mai shi, bai ƙirga ranar da zai kuɓuce ba.

Ma'auni na uku gajere ne. John Rawls na Amurka ya kawo shi a 1971: ka tsara dokar kamar ba ka san matsayin da za ka tsinci kanka a ciki ba, ko kai ne mai kamfani, ko mai bashi, ko wanda lambarsa ke cikin waya. Yana da amfani musamman idan ana gina manhajar da za ta tantance wanda za a ba aiki, rance ko gurbin karatu, domin yana tuna maka da wanda ba shi da takardun banki, da matar da wayar mijinta take amfani da ita, da mutumin ƙauyen da sabis ba ya kaiwa.

Na huɗu shi ne ma'aunin hali, wanda Turawa ke dangantawa da Aristotle na tsohuwar Girka, mu kuma muna da shi a cikin abin da muke nufi idan muka ce wane mutumin kirki ne: mai gaskiya, mai amana, mai kunya, mai kiyaye mutuncin mutane. Wannan ma'auni yana tambayar wane irin ma'aikaci kake zama idan ka saba da irin wannan aiki. Hanya mafi sauƙi ta gwada shi ita ce ka ɗauko wani dattijo a sana'arka da kake jin nauyinsa, ka ƙaddara yana tsaye a bayanka yana karanta abin da kake rubutawa. Idan aikin yana buƙatar a ɓoye shi daga masu amfani da shi ko daga hukuma kafin ya yi tasiri, wannan kaɗai alama ce babba. A watan Satumbar 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa masu amfani da dizal wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwada mota, sai ta rage hayaƙi mai guba, idan an hau titi kuma hayaƙin ya kai har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. James Liang, ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka yi aikin manhajar, ba shi ne shugaban kamfanin ba, kuma ya ba masu bincike haɗin kai, amma a watan Agustan 2017 kotu ta yanke masa ɗaurin wata 40. Cewa umarni aka ba ka bai wanke shi a gaban alƙali ba, kuma shekarun da aka ɗauka ana gyara wannan manhaja suna nuna yadda mutum yake sabawa da ƙarya a hankali har ta zama aikin yau da kullum.

A batun manhajar rance duk ma'aunan huɗu sun nuna waje ɗaya, wanda ke tabbatar da cewa jarabawa ce tun asali. Hukumomi ma daga baya sun biyo sahu: a watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta Najeriya, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda irin wannan aiki, daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane, a watan Yunin 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya. Abin lura shi ne aikin ya kasance zalunci tun kafin a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Doka takan zo a makare a wannan fage, domin na'ura tana ba mutane ikon yin abin da masu rubuta doka ba su taɓa hasashe ba, saboda haka rashin dokar da ta hana abu ba ya zama izini.

To, yaya za a yi idan ma'aunan suka saɓa da gaske? Misalin da ya fi fito da wannan shi ne rikicin kamfanin Apple, mai ƙera wayar iPhone, da hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI. Ranar 2 ga Disambar 2015 wasu mata da miji suka kashe mutum 14 a San Bernardino ta jihar Kalifoniya, su ma aka kashe su. FBI ta sami wayar iPhone 5C da mijin yake amfani da ita, amma tana kulle, kuma ana fargabar za ta goge abin da ke cikinta idan aka kuskure lambar sirri sau 10. A watan Fabrairun 2016 kotu ta umarci Apple ya rubuta wata manhaja ta musamman da za ta cire wannan kariya, ta kuma ba kwamfuta damar gwada lambobi da sauri. Lambar sirri mai alƙaluma 4 ba ta wuce yiwuwa 10,000 ba. Tim Cook, shugaban Apple a lokacin, ya ƙi. A nan haƙƙi yana ɓangarorin biyu. Iyalan mamata suna da haƙƙin a binciko ko akwai wasu masu hannu, umarnin ya fito daga kotu, kuma wayar ma mallakar hukumar gundumar da mutumin yake yi wa aiki ce, wadda ta yarda a buɗe. A ɗaya gefen akwai alƙawarin tsaro da kamfanin ya yi wa miliyoyin mutanen da ba su yi laifin komai ba.

Idan shinge bai raba gardama ba, sai ka koma ga hujjoji ka nemo ainihin inda saɓanin yake. A wannan shari'a saɓanin yana kan tambaya ɗaya: shin abin da ake nema mabuɗin ɗaki ɗaya ne ko mabuɗin da ke buɗe kowane ɗaki? FBI ta ce waya ɗaya ce. Apple ya ce da zarar an ƙera manhajar, dabarar ta wanzu, kuma kowace gwamnati a duniya za ta zo da tata takardar kotun. Ni a ganina Apple ya fi kusa da daidai, kuma dalilina shi ne batun abin da ba ya gyaruwa: amfanin buɗe wayar zato ne, mai yiwuwa a sami wani abu, mai yiwuwa ba a samu ba, amma mabuɗin idan ya kuɓuce ba a iya kiransa ya dawo, kamar yadda WannaCry ta nuna bayan shekara ɗaya. Malaman usulu suna da ƙa'idar da ta dace da nan, cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani. Duk da haka ban ɗauki wanda ya zaɓi ɗaya gefen a matsayin marar imani ba, kuma duk wanda ya yanke irin wannan hukunci ya kamata ya faɗi a fili abin da ya sadaukar da kuma wanda zai ɗauki nauyinsa. Kotu ba ta kai ga raba gardamar ba, domin a ƙarshen Maris na 2016 FBI ta janye ƙarar bayan wasu daga waje sun buɗe mata wayar.

Bayan ka kai ga matsaya, sai ka rubuta ta a shafi ɗaya da kwanan wata: abin da aka nema, waɗanda zai shafa, abin da ka ga ya hana, da hanyar da kake ba da shawarar a bi a madadinsa. Ka fara da shugabanka na kusa, cikin ladabi, kai da shi, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma mutum ya fi karɓar gyara idan ba a gaban jama'a aka yi masa ba. Kana iya cewa, Yallaɓai, wannan ɓangaren ba zan iya rubuta shi ba saboda zai taɓa mutanen da ba su karɓi rancenmu ba, amma ga wata hanya da zan iya kammalawa a makon nan. Zuwa da madadi a hannu yana sauya yanayin zancen ƙwarai. Idan kana buƙatar abin dogaro daga cikin sana'ar, ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta sabunta kundin ɗa'arta a 2018, kuma guje wa cutarwa da mutunta sirrin mutane suna cikin ƙa'idojinsa na farko. Idan ba a saurare ka ba, ka kai ga jami'in kare bayanai na kamfanin ko sashen shari'a, kana ajiye kwafin abin da ka rubuta da amsar da aka ba ka. Fita waje zuwa hukuma, kamar hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, mataki ne na ƙarshe, ana ɗaukarsa idan cutar tana da girma, hanyoyin cikin gida sun toshe, kuma kana da hujja a hannu. Ko a lokacin, ka miƙa abin da ya isa ya tabbatar da laifin kawai, ka rufe sunaye da lambobin mutanen da ke cikin takardun, kuma ka nemi shawarar lauya kafin ka fitar da ko shafi ɗaya daga rumbun kamfani.